Wuraren Tarihi da Abubuwan Tunawa na Bakin Kogi a Lakwaja

Lakwaja, babban birnin Jihar Kogi, yana daidai inda Kogin Kwara ya haɗu da Kogin Binuwai, kimanin kilomita 200 kudu da Abuja. An ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Agusta 1991, kuma sunanta ma daga kalmar Hausa ta "kogi" aka samo shi. Abubuwan tarihin garin ba manyan gine-gine ba ne. Galibinsu ginshiƙai ne, da ƙarafa, da kaburbura, waɗanda baƙo zai iya wuce su bai lura ba. Amma kowannensu shaida ne na wani babi a tarihin Nijeriya, musamman Arewa.

Mahaɗar Kogunan Biyu

Kogin Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, kuma tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Binuwai kuwa daga ƙasar Kamaru ya fito, da tsawon kimanin kilomita 1,400. Wannan haɗuwa tasu ita ce aka zana da fari a tsakiyar baƙar garkuwar da ke tambarin Nijeriya. Wanda ya ga mahaɗar da idonsa ya ga asalin zanen da ke kan kuɗi da takardun gwamnati. Ana iya zuwa wurin a kwalekwale daga gaɓar Ganaja. Da rani ruwa yakan ja baya, tudun yashi su bayyana a tsakiyar kogin.

Dutsen Patti

Dutsen Patti yana bayan gari, tsayinsa ya kai kimanin mita 458 daga doron teku. A harshen Nufanci kalmar tana nufin tudu. Daga kansa ne ake ganin garin baki ɗaya da yadda kogunan biyu suka gamu, don haka babu wurin da ya fi shi kyawun ɗaukar hoto. A can sama akwai ɗan gidan hutawa na Gwamna Lugga, da mutum-mutuminsa da na matarsa Flora Shaw, wadda ta ba da shawarar sunan "Nijeriya" a wata jaridar Landan a 1897.

Ginshiƙin Sauke Tuta

Tun a 1841 Turawan Ingila suka gwada kafa gona kusa da mahaɗar, amma zazzaɓi ya kore su. Wajen 1860 Dakta William Baikie ya zauna a wurin da izinin Sarkin Nufe Masaba, ya buɗe kasuwa, 'yan kasuwa Nufawa da Hausawa da sauransu suka riƙa zuwa. Daga baya garin ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin Kamfanin Royal Niger.

Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfanin a Lakwaja, aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya yi shelar cewa Arewacin Nijeriya ya shiga ƙarƙashin gwamnatin Ingila. Wani ginshiƙi na kankare ne ke nuna wurin. Daga nan aka mayar da hedikwata Jebba, sannan Zungeru a 1902.

Ƙarfen 'Yanci

A harabar makarantar firamare ta Holy Trinity akwai wasu turakun ƙarfe biyu da ake kira Ƙarfen 'Yanci. Bisa labarin da mutanen gari suka gada, duk bawan da ya tsere ya taɓa su ya zama ɗa, ba mai ikon sake kama shi. Makarantar kanta Bishop Samuel Ajayi Crowther ne ya kafa ta a 1865, shi ma tsohon bawa ne da aka 'yanta. Ana ɗaukarta a matsayin makarantar firamare ta boko mafi daɗewa a Arewa.

Dandalin Tunawa da Sojoji

A kan titin Murtala Muhammad, ba nisa da gaɓa, akwai hasumiyar tunawa da sojoji, da tsofaffin manyan bindigogi a gefenta. An rubuta sunayen sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, na 1914 zuwa 1918, inda dakarun Nijeriya suka yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka. Da yawa daga cikin waɗannan dakaru 'yan Arewa ne, kuma da Hausa ake ba su umarni. Akwai kuma maƙabartar Turawa, inda aka binne sojoji da 'yan mishan da ma'aikatan kamfani.

Kaburburan Sarakuna

Lakwaja ce inda Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903, a nan ya rasu a 1926. Haka kuma an kawo Sarkin Zazzau Kwasau, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, sanannen mawallafin rubutattun waƙoƙin Hausa. Kaburburan sarakunan suna unguwar Kabawa, kuma jama'a daga Arewa na zuwa ziyara.

Barazanar Ambaliya

Kogin da ya kafa garin shi ne kuma babbar barazana gare shi. A 2012 da 2022 ambaliya ta mamaye unguwannin bakin gaɓa, ta yanke hanyar Lakwaja zuwa Abuja na kwanaki. Baya ga ruwa, akwai tsatsa, da zubar da shara, da gine-ginen da ke matse waɗannan wurare. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana da gidan tarihin zamanin mulkin mallaka a garin, amma tsaron yau da kullum yana wuyan ƙaramar hukuma da masu unguwanni da maƙwabta. Rubutun da ya goge a jikin dutse, idan ba a adana kwafinsa ba, ya tafi ke nan. Saboda haka yana da kyau jami'ai su ajiye hotunan kowane wuri tare da kwanan wata, su kuma hana gini ko kasa kaya a jikinsa.

Shawara ga Masu Ziyara

Lokacin da ya fi dacewa da ɗaukar hoto shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin hazon hunturu ya rufe sararin sama, da sassafe ko da la'asar. A nemi izinin masu kula da wuri kafin ɗaukar hoto a maƙabarta ko a harabar makaranta. Kada a hau kan bindigogi ko a yi rubutu a jikin ginshiƙai. Mai shiga kwalekwale ya sa rigar kariya daga nutsewa, ya guji jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kuma ya dawo gaɓa kafin magariba.