Tarihin satar "indomi": ƙarfen da ke ƙarƙashin motarka da ya taɓa ninka zinare tsada

Jama'a, duk mai mota a ƙasar nan ya taɓa jin bakanike ya ambaci "indomi". Wata tukunya ce a jikin salansa, tsakanin inji da bututun da hayaƙi ke fita, wasu kuma katalis suke ce mata. In aka fasa ta za ka ga wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, shi ya sa bakanikenmu suka laƙa mata sunan taliyar yara. A Amurka da Ingila satar wannan tukunya ta zama annoba daga 2019 zuwa 2022. Mutum zai ajiye motarsa a ƙofar gida da dare, da safe ya tayar ya ji tana ruri kamar tarakta. Na ga ya dace mu bi tarihin abin tun daga tushe, don akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye.

Labarin ya faro ne daga birnin Los Anjelis. A 1943 wani hazo mai yaji ya rufe garin, idanu na ruwa, maƙogwaro na ƙaiƙayi, har wasu suka zaci Japan ce ta kawo harin iska mai guba, tunda lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Sai a farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin motoci ne ke haɗuwa da hasken rana ya haifar da wannan hazo. A wannan zamanin ne wani injiniya ɗan asalin Faransa da ke zaune a Amurka, Eugene Houdry, ya ƙirƙiro na'urar tace hayaƙin mota ya yi mata rajista. Amma ba ta yi kasuwa ba, saboda fetur ɗin wancan lokaci akwai dalma a ciki, ita kuwa dalma kashe na'urar take yi.

Doka ce ta sauya lissafin. A ƙarshen 1970 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar tsaftar iska, wadda ta ce sai kamfanoni sun rage gubar hayaƙin sababbin motoci da kashi 90 cikin ɗari. Daga motocin 1975 aka fara saka tukunyar a mafi yawan motocin Amurka, aka kuma fito da fetur marar dalma. Injiniyoyin kamfanin Engelhard, Carl Keith da John Mooney, suka inganta ta ta riƙa maganin guba uku a lokaci guda, Volvo ta fara sakawa a motocinta na 1977 da ta sayar a Kalifoniya. Turai ta biyo baya: daga farkon 1993 kowace sabuwar motar fetur a Tarayyar Turai sai da ita. Shi ya sa motocin Beljiyam da muke saye, na Turai ne ko na Amurka, da indominsu aka ƙera su.

To me ke cikinta? A jikin ramukan nan an shafa ƙarafa uku masu daraja: filatinam, faladiyam da rodiyam. Duka-duka 'yan giram ne, galibi ba su kai goma ba. In hayaƙi mai zafi ya ratsa ta kansu, sai su juya gubar ta koma iskar da ba ta kai ta farko illa ba. Ɗaya daga gubar nan ita ce kabon monoksaid, wadda muke jin ta kashe iyali guda in an kwana da janareta a cikin gida. Matsalar ita ce wurare ƙalilan ake haƙo waɗannan ƙarafa. Afirka ta Kudu ce ke ba da kusan kashi 70 na filatinam ɗin duniya da kusan kashi 80 na rodiyam, daga yankin Rustenburg da kewaye. Rasha kuma na ba da kusan kashi 40 na faladiyam, daga Norilsk can arewacin Saiberiya. Abin da duk duniya ke buƙata amma ƙasashe biyu ke riƙe da shi, ka san farashinsa ba zai zauna wuri ɗaya ba.

A tsakiyar 2016 awo ɗaya na rodiyam, wato kimanin giram 31, bai kai dala 700 ba. Sai abubuwa suka taru. A Satumba 2015 asirin Volkswagen ya tonu cewa tana maguɗi a gwajin hayaƙin motocinta na dizal, Turawa suka fara komawa motocin fetur, waɗanda su ne suka fi cin faladiyam da rodiyam. Sin ta tsaurara nata ƙa'idojin hayaƙi. Sannan korona ta zo a 2020 aka rufe mahaƙan Afirka ta Kudu na wani lokaci. Zuwa Maris 2021 awon rodiyam ya kai wajen dala 29,000, alhali zinare na wajen 1,700. Faladiyam ma ya wuce zinare tun 2019, ya haura dala 3,000 a Maris 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukiren.

Ku dubi yadda sata ta bi sawun farashi. Cibiyar NICB, wadda ke bin diddigin laifukan da suka shafi inshora a Amurka, ta ƙirga rahoto kusan 1,300 a 2018. A 2022 sun haura 64,000, kuma wannan na waɗanda suka kai kuka wajen inshora ne kawai. Aikin ba wuya: jak, zarto mai batir, minti biyu ko uku an gama. Manyan motoci masu tsayi ma ba sai an ɗaga ba, shigewa ƙasa kawai ake yi. Toyota Prius na cikin waɗanda suka fi shan wahala, domin injinta ba kullum yake aiki ba, ƙarafan cikin tukunyarta ba su cika lalacewa ba. A Landan ma haka aka yi ta yi wa Prius da Honda Jazz, wani lokaci da rana tsaka. Ɓarawo ya sayar dala 50 zuwa 250, mai mota ya biya dala 1,000 zuwa 3,000 kafin ya mayar. Har rai an rasa: a Mayu 2024 aka harbe ɗan wasan talabijin Johnny Wactor a Los Anjelis, ya taso daga aiki da dare ya tarar da wasu sun ɗaga motarsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ke bayan yaran masu zarto. A Nuwamba 2022 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sanar da tuhumar mutum 21 a jihohi daban-daban. A tsakiyar harkar akwai wani kamfani a jihar Niyu Jasi, DG Auto, wanda masu gabatar da ƙara suka ce yana sayen tukwanen sata, ya fitar da garin ƙarfen, ya sayar wa matatar ƙarfe, har cinikin ya haura dala miliyan 545. Ka ga ai yaron da ke kwanciya ƙarƙashin mota ɗan aike ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Don haka masu doka suka juya kan mai saye. Ingila tun 2013 take da dokar dillalan gwangwan: sai da lasisi, sai an ga shaidar mai kawo kaya, kuma ba a biya da tsabar kuɗi. Duk da haka satar ta hau a can lokacin da farashi ya yi sama, domin doka a takarda ba ta kama kowa sai an bi ta. Kalifoniya ta yi nata dokokin a Satumba 2022, ta taƙaita waɗanda aka yarda a sayi tukunya daga hannunsu, ta tilasta ajiye bayanin kowane ciniki. A 2023 rodiyam ya faɗo ƙasa da dala 5,000, manyan dillalai na gaban kotu, sai satar ta ragu sosai. Faɗuwar farashi da matse mai saye, su biyun ne suka yi aikin.

Mu a nan salon daban ne. Ba kasafai ake bin layi da zarto ba, a hannun wanda ka amince wa abin ke tafiya. Wata motar tun kafin ta iso hannunka an kwashe. Wata kuma a gareji: ka kai gyaran wani abu can daban, a buɗe tukunyar, a zazzage cikinta, a mayar a yi walda. Wani ma ce maka zai yi, "Alhaji, indomin nan ne ya toshe, in aka cire mota za ta ƙara gudu." Gaskiya ne takan toshe in ta tsufa, kuma akwai bakanike masu amana da yawa. Amma ka tambayi kanka: wanda aka cire ɗin, ina ya tafi? A ofishinmu kaɗai na san mutum biyu da sai da wutar cek-injin ta ƙi mutuwa, hayaƙi ya fara wari, sannan suka gane an yi musu. Ma'aikaci mai jiran albashi, ina zai ga kuɗin sabuwa? Haka zai ci gaba da yawo, gubar kuma mai talla a bakin titi da ɗan makaranta a bayan adaidaita ne za su shaƙa.

Mun ma ga irin wannan a Abuja. A Janairu 2025, da aka yi ta sace murafan magudanar ruwa a kan tituna, hukumar birnin ta hana 'yan jari-bola yawo ta kuma rufe kasuwannin fanteka na mako biyu don tantancewa. Mataki ne a inda ya dace, sai dai mako biyu ba ya gyara kasuwa. Sana'ar gwangwan halal ce, dubban matasanmu da ita suke ci. Abin da nake gani shi ne jihohi su yi rajistar masu sayen indomi, a rubuta sunan mai kawowa da lambar motar da aka ciro, a biya ta banki. Shugabannin ƙungiyoyin bakanike da na 'yan gwangwan sun san masu yi, da su ya kamata a fara zama.

Kai kuma mai mota, kafin ka biya kuɗin mota ka sa a ɗaga ta a duba ko akwai sabuwar walda a jikin tukunyar. In gyaran salansa ne, ka tsaya a wurin. In har dole sai an cire, ka ce a ba ka kayanka a hannu, dukiyarka ce.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da lafiyarmu, Ya shiryi masu yi.