Kunne da Hannu Kafin Takarda: Falsafar Koyar da Kiɗa a Manyan Makarantu

Abin da ake nufi da falsafar koyarwa shi ne matsayar da malami ya ɗauka game da ilimin da ya cancanci a bayar, da hanyar bayar da shi, da irin mutumin da ake son ɗalibi ya zama idan ya kammala. A fagen kiɗa wannan matsaya ba ƙaramin nauyi gare ta ba, domin tun da Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa na farko a ƙasar a farkon shekarun 1960, tsarin da ya fi rinjaye shi ne wanda ke farawa da piyano da rubutun kiɗa na Turai, wato alamomin da ake ɗorawa a kan layuka biyar don nuna hawa da saukar sauti da tsawonsa. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, kamata ya yi malami ya fara da horar da kunnen ɗalibi da hannunsa a gaban gwanin makaɗi, sannan takarda ta biyo baya a matsayin mataimakiya.

Hujja ta farko tana cikin kayan kiɗan kansu. Piyano ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama zuwa matakai 12 tsayayyu, alhali mai kalangu yakan saƙale shi a hammata, ya matse tsarkiyoyin da suka haɗa fatun bakinsa biyu ko ya sassauta su yayin da gula take sauka, sai sautin ya zame daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da ya yanke ba. Da wannan zamewa ne kalangu yake kwaikwayon karin sautin Hausa, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, har ya fitar da take, wato kirarin da ake kaɗa wa mutum ko sana'a ya gane da shi ake ko da ba a buɗe baki ba. Ɗalibin da aka fara ba shi layuka biyar zai rubuta abin da layukan suka iya ɗauka, ya bar sauran, kuma abin takaicin shi ne ba zai san ya yi asarar komai ba.

A ƙasar Hausa kuwa matsalar ta ɗauki wani salo. Sassan nazarin harsunan Nijeriya sun yi aiki mai yawa a kan waƙar baka, musamman ta hannun masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sai dai galibin abin da ɗalibi yake ɗauka shi ne matani: jigo da salo da gindin waƙa da ɗiyanta. Wannan rabin waƙa ne, domin kotson Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo, da taushin Jankiɗi, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, su ne suke yanke wa mawaƙi inda zai numfasa da inda 'yan amshi za su karɓa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kuma ya cancanta, amma karrama makaɗi a ranar yaye ɗalibai daban, ba shi aji ya koyar daban.

Fara koyarwa da kunne da hannu a gaban gwanin makaɗi ba sabuwar shawara ba ce. Tun a 1960 Mantle Hood na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka ya yi kira da cewa mai nazarin kiɗan wata al'umma ya koyi kaɗa shi da hannunsa, haka kuma Kwabena Nketia ya shigar da makaɗan gargajiya cikin aikin koyarwa a Jami'ar Gana da ke Legon. Hanyar gado ma, wadda yaro yake farawa da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya daɗe yana sauraro kafin a bar shi ya ja waƙa, tana da tsari da matakai, illa dai ba a rubuce suke ba.

Masu adawa za su ce jami'a ba gidan makaɗa ba ce, kuma akwai gaskiya a maganarsu, domin abin da jami'a take ƙarawa shi ne tambaya da kwatantawa da adanawa: me ya haɗa kalangu da mahauta, ko dundufa da maƙera, kuma yaya kiɗan fada ya canza bayan zuwan rediyo da kaset. Rubutun Turai yana da gurbinsa a nan, haka ma sarrafa sauti da kwamfuta, wanda ɗalibin da ke son aiki a masana'antar fim ta Kano ba zai iya kauce masa ba. Akwai kuma abin da malamin kirki ba zai yi shiru a kansa ba, wato kallon roƙo da ake yi wa sana'ar, da saɓanin malaman addini kan hukuncin kiɗa, domin ɗalibai da yawa suna shiga aji da waɗannan tambayoyi a zuciya, kuma haƙƙinsu ne a tattauna su da ilimi da mutunci maimakon a yi kamar babu su.

Saboda haka ana kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da takwararta ta kwalejojin ilimi su amince a ɗauki ƙwararrun makaɗa aikin koyarwa da albashi ko da ba su da takardar shaida, kuma a sanya kaɗawa a gaban masu sauraro cikin jarrabawar kammalawa, tun waɗanda suka gaji kotso da taushi suna raye.