Leda

leda (suna, mace, jam'i: ledoji). Aro ce daga Turanci. 1. Robar ƙulla kaya ko zuba cefane. 2. A wajen masu kilishi da bandar kifi: leda mai kauri da inji ke zuƙe iskar cikinta har ta lafe a jikin kaya, sannan ya liƙe bakin da zafi. Baƙar ledar kasuwa ba ta wannan aiki, iska na ratsa ta. Sai mai ruɓi biyu, nailan a waje. Ƙayar ƙurungun Nguru da Gashuwa kan huda ta, don haka a karye ƙayar tukuna. Maiƙo a bakin leda kuwa, liƙi ba ya kamawa. Misali: "Yaya, ledar kifin da za a kai Jajimaji ta saki."