Kwalliyar Farce A Gida: Kayan Aiki, Zane-Zane Da Matakan Kare Lafiya Ga Masu Koyo

Kwalliyar farce ita ce ƙawata farcen hannu ko na ƙafa ta hanyar rina shi da lalle, ko shafa masa jan farce, ko yi masa zane da launuka daban-daban. A biranen ƙasar nan irin su Legas, Abuja, Fatakwal da Kano, ta zama sana'ar da ake yi a shagunan gyaran gashi da na kwalliya, yayin da mata da 'yan mata da dama ke koyon ta a gida ta hanyar bidiyoyin TikTok, Instagram da YouTube. Kayan da mai koyo ke buƙata kaɗan ne, kuma yawancinsu akwai su a cikin gida. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sanin wanda ya dace a fara da shi da wanda ya kamata a bar wa ƙwararru, domin wasu kayan na iya jawo wa fata illar da ba ta warkewa.

Yadda farce yake

An gina farce ne da sinadarin keratin, wanda shi ne kuma ke cikin gashi. Farcen hannu yana tsiro da kimanin milimita 3 a wata, kuma yakan ɗauki kusan wata 6 kafin ya sake gaba ɗaya. Na ƙafa kuwa yakan kai wata 12 zuwa 18. Ma'anar hakan ita ce, farcen da aka kankare ko aka ɓantare a rana ɗaya, sai an yi watanni ana jiran sabo ya maye gurbinsa.

Siririyar fatar da ke gindin farce ita ce ke toshe hanyar da ruwa da ƙwayoyin cuta za su bi su shiga inda farcen ke tsirowa. Saboda haka likitocin fata ke hana yanke ta. Yanke ta na daga cikin abubuwan da ke jawo kumburi da tara mugunya a gefen yatsa, irin wanda Hausawa ke kira ɗankakkarai.

Taƙaitaccen tarihi

Rina farce da lalle ya daɗe a Masar, Indiya, ƙasashen Larabawa, Sudan da ƙasar Hausa, inda ƙunshi ya kasance adon amare da na ranakun Sallah da suna. Jan farce na kwalba kuwa ya bunƙasa ne a Amurka cikin shekarun 1920, bayan da aka ɗauko dabarar fentin motoci mai saurin bushewa. A 1932 Charles Revson da ɗan'uwansa Joseph da masanin sinadarai Charles Lachman suka kafa kamfanin Revlon, wanda ya fara da jan farce. Farcen akirilik ya samo asali ne daga wani likitan haƙori a Filadelfiya mai suna Fred Slack, wanda ya karya farcensa a wurin aiki cikin shekarun 1950, ya gyara shi da kayan aikin haƙori. Salon nan na farin baki da ake kira kwalliyar Faransa kuma, Jeff Pink, wanda ya kafa kamfanin Orly, shi ya yaɗa shi a tsakiyar shekarun 1970 domin taurarin fina-finan Hollywood, waɗanda ke buƙatar farcen da zai dace da kowace irin sutura.

Kayan aiki

Mai koyo na buƙatar abin yankan farce, da magogin farce mai laushi, da ɗan tsinken katako na tura fatar gindin farce, da auduga, da ruwan goge jan farce. Daga ɓangaren shafe-shafe akwai iri uku: shafin ƙasa marar launi wanda ke hana launi rina farce ya koma rawaya, sai jan farce mai launi, sai shafin sama wanda ke ba da sheƙi ya kuma kare zanen. Launi uku ko huɗu sun isa a farko, a ciki har da fari da baƙi, domin da su ake fitar da mafi yawan zane-zane.

Sauran kayan zane ana iya samun madadinsu ba tare da kashe kuɗi ba. Tsinken sakace da kan fil suna yin ɗigo. Salatif yana fitar da miƙaƙƙen layi. Guntun soson kwalliya yana haɗa launi biyu. Tsohon burushin gazal da aka wanke yana jan siririn zane, kuma idan aka tsoma shi cikin ruwan gogewa yana share abin da ya taɓa fata.

Wajen saye, yana da kyau a duba lambar rajistar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, wadda kayan kwalliya ke ƙarƙashin kulawarta, tare da jerin sinadarai da ranar ƙarewar wa'adi. Kwalbar da ba ta da rubutun komai, ko wadda aka ɗura daga wata, abin gudu ce.

Matakan shafawa

Da farko a goge tsohon launi, a wanke hannu da sabulu, a busar da shi sosai. A yanke farce, sannan a daidaita bakinsa da magogi ana ja ta ɓangare ɗaya, domin kai da komowa na sa bakin ya tsattsage. A tura fatar gindin farce baya a hankali, sai a bi farcen da auduga mai ɗan ruwan gogewa don cire maiƙo, kasancewar jan farce ba ya kama wurin da ke da mai.

Kafin a buɗe kwalba a murza ta tsakanin tafin hannu maimakon girgizawa, saboda girgiza na haifar da kumfa. A shafa shafin ƙasa sau ɗaya, sannan launi sau biyu, kowane shafi siriri, ana ja sau uku: tsakiya, dama, hagu. A bar aƙalla minti 2 tsakanin shafi da shafi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne lafta launi da kauri: samansa ya bushe, cikinsa ya zauna ɗanye, da an taɓa wani abu ya dame. A ƙarshe a rufe da shafin sama, a bi da burushin ta bakin farcen don kada ya fara ɓarewa daga nan. Ko da ya bushe a ido, sai an yi sa'o'i kafin ya yi tauri, don haka bai dace a shiga wanki ko wanke-wanke nan take ba.

Zane-zane masu sauƙi

Ɗige-ɗige shi ne mafi sauƙi. Ana ɗiga launi a kan takarda, a dangwala da kan fil, a sauke a kan farcen da ya bushe. Ɗigo biyar a kewaye da ɗaya a tsakiya ya zama fure.

Layi-layi ana yin sa ne da salatif. Bayan launin farko ya bushe sarai, a manna siraran salatif, a shafa launi na biyu, a cire salatif ɗin tun shafin yana ɗanye. Idan aka bari ya bushe, zai taso da launin. Wadda ta saba da ƙunshin salatif ta riga ta san wannan dabara. Da ita ake fitar da dara-dara, da kusurwa uku, da kore-fari-kore na tutar Najeriya a lokacin bikin 1 ga Oktoba.

Kwalliyar Faransa ita ce a shafa launi mai haske kusa da na farce, sannan a ja farin layi a bakinsa. Masu koyo kan tare iyakar layin da salatif har hannu ya faɗa.

Haɗin launi biyu kuwa, ana shafa launukan kusa da juna a kan soso, a daddanna shi a kan farce har iyakarsu ta narke. Shafa basilin a fatar gefe kafin a fara na sauƙaƙa share abin da ya fita.

Zanen marmara ya fi sauran wuya. Ana ɗiga launuka ɗaya bisa ɗaya a kan ruwan kofi, a ja su da tsinke, sannan a tsoma farcen a kan zanen da ya fito.

Ga wadda hannunta na hagu bai saba ba, mafita ita ce ta shafa launi ɗaya a duk yatsu, ta yi zane a yatsa guda kawai. Ana kuma ɗauko launuka daga atamfa ko leshin da za a sa, musamman a lokacin anko.

Lalle da batun alwala

Lalle ya bambanta da jan farce ta fuskar yadda yake aiki. Ganyensa na ɗauke da sinadarin da ke shiga cikin keratin ya rina shi, don haka ba ya goguwa sai dai ya fita da tsiron farce. Jan farce kuwa rufi yake yi a sama. A kan wannan ne malaman Musulunci ke bayanin cewa lalle ba ya hana alwala, amma jan farce da farcen roba suna hana ruwa kaiwa ga farce, dole a cire su kafin alwala ko wankan tsarki. Shi ya sa Musulmi mata da yawa ke shafa shi a kwanakin da ba sa salla.

Baƙin lalle na da nasa haɗarin. Asalin lalle ja ne, kuma sau da yawa baƙin da ke kamawa cikin mintuna ana haɗa shi ne da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda ke iya tayar da ƙuraje masu ruwa ya bar tabo.

Jel, akirilik da farcen roba

Nan ne haɗari ya fi yawa ga mai yi a gida. Jan farcen jel ba ya bushewa sai a ƙarƙashin fitila mai hasken UV, kuma idan bai daskare sosai ba ko ya taɓa fata, sinadaransa na iya haddasa borin fata, wato alaji. Ƙungiyar Likitocin Fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan hakan a 2018, ta kuma maimaita a 2023, tana mai nuni da kayan da ake sayarwa don amfanin gida. Wanda alajin ya kama yakan zauna da shi har ƙarshen rayuwa, kuma dangin waɗannan sinadarai ne ake amfani da su wajen cikon haƙori da wasu ayyukan tiyatar ƙashi.

Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarin HEMA ga ƙwararru kaɗai tun 2021, sannan ta haramta TPO a kayan kwalliya daga 1 ga Satumba, 2025. Wani binciken Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa hasken fitilun na lalata ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, abin da ya sa likitoci ke ba da shawarar rage yawan amfani da su.

Farcen roba da ake mannawa da gam ya fi sauƙi, amma idan ya ɗaga ruwa na kwanciya a ƙarƙashinsa, ƙwayoyin cuta su mayar da farcen kore. Ba a ɓanɓare shi da ƙarfi. Jiƙa shi ake yi har gam ɗin ya saki.

Tsafta da kiyayewa

Asiton da ke cikin ruwan gogewa yana kamawa da wuta nan da nan, don haka a nisanta shi da gas, risho, kyandir da maganin sauro na kunnawa, a kuma yi aikin a inda iska ke shiga, nesa da yara. Yana busar da farce, musamman a lokacin hunturu, shi ya sa ake son a bi da man kaɗanya, man kwakwa ko man zaitun bayan gogewa.

Kowa ya mallaki nasa abin yankan farce. Ƙwayar cutar hanta nau'in B na iya rayuwa a jikin ƙarfe ko reza aƙalla kwana 7, kuma ƙaramin yanka ya isa ta shiga jini. Ga ma'aikatan lafiya, ƙa'idojin tsaftar hannu na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 sun hana sa farcen roba yayin kula da marasa lafiya. Haka kuma asibitoci kan buƙaci a goge jan farce kafin tiyata, domin launi mai duhu na iya rikita na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa.

Idan farce ya kumbura, ko ya rabu da nama, ko ya sauya launi, a dakatar da kwalliya a ga likita. Baƙin layi a farce abu ne da aka saba gani a baƙar fata, amma wanda ya fito sabo a yatsa ɗaya, yana faɗi ko yana bazuwa zuwa fatar gefe, yana buƙatar bincike. Irin wannan ciwon daji na fata, wanda ya fara a ƙarƙashin farcen ƙafa, shi ne ya yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981.