Hutun Minti Talatin da Mai Aikin Jinga: Nazarin Sashe na 44 na Dokar Ƙwadagon Gana a Nima

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi tanadin hutu a Dokar Ƙwadago ta 2003 (Doka ta 651), yayin da ake maganar sabunta ta. Ta nuna cewa dokar da kanta ta tsame masu aikin jinga na zango daga hutun da ake taƙaddama a kai.

Gabatarwa

Sashe na 40 ya ba mai aiki a jere hutun minti 30, wanda ake lissafawa cikin lokacin aiki. In an raba aikin gida biyu, hutun bai gaza awa ɗaya ba, amma ba ya shiga lissafi. Sashe na 41 ya sa awa 12 tsakanin aikin yau da na gobe, na 42 kuma awa 48 a mako. Tun fitowar daftarin sabuwar doka a 2024, da kuma shirin gwamnatin John Mahama na tattalin arzikin awa 24, masu sharhi suka fi ɗora laifin rashin hutun ma'aikata kan ƙarancin jami'an sa ido na Sashen Ƙwadago. Wannan bayani ya dace da masana'antun Tema. A zango bai taɓo inda ke ƙaiƙayi ba.

Hanyar bincike

An karanta sassan dokar, aka auna su da yadda ake biyan lada a shagunan ɗinki da rumfunan abinci na bakin titin Nima.

Sakamako

Sashe na 44 ya cire mai aikin jinga da ɗan aikin gida daga duk waɗannan tanade-tanade, har da iyakar awa 8 a rana. An waiwayi 'yan aikin gida da ƙa'idojin 2020. Mai jinga har yau shiru. To, a zango jinga ce aikin. Telan da ke kan keken maigidansa kuɗin riga yake karɓa, ba na awa ba. Daren salla, ga yadi jibge, ƙunshin waakye na kan teburin keke; ya kai loma, ya goge yatsu, ya koma taka feda. Babu wanda ya hana shi tashi. Sai dai minti 30 ɗin daga aljihunsa za su fita, alhali ma'aikacin banki maigida ke biya masa nasa. Haka 'yan kayayei da ke dako a kasuwa: wadda ta sauke tasa don cin abinci, kaya sun wuce ta.

Ko da jami'in sa ido zai shigo shagon, da wane sashe zai kama maigida?

Akwai kuma batun Juma'a. Dokar ta fi son hutun mako ya faɗo Asabar da Lahadi, kuma minti 30 ba sa isar mai zuwa Masallacin Ƙasa na Kanda ya saurari huɗuba ya dawo. A yanzu alfarma ce ke tafiyar da wannan, ba haƙƙi ba. Ra'ayin mai bincike shi ne ƙara tsawon hutu aikin banza ne muddin Sashe na 44 na nan, kuma ba a sa kuɗin hutu cikin farashin jinga ba.

Iyakar bincike

Gaskiya ne nazarin bai ƙidaya ma'aikata ba, kuma masu zaman kansu, waɗanda ba su da maigidan da za a tuhuma, suna waje da shi. Wannan bai sauya abin da sashen ya ƙunsa ba.