Doki a hannun masu ƙera siffa: daga sirdin Sakkwato zuwa Mahayin Bura

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi ya san matsayin doki a Sakkwato. Shi ne abin hawan sarauta, kuma a da shi ne ƙashin bayan rundunar yaƙi. Sai dai sana'ar ƙera siffar doki da mahayinsa, wadda ta bunƙasa a sassa da dama na Afirka ta Yamma, ta bi wata hanya dabam a birnin Shehu. Tarihinta ya taɓo addini da mulki, da kuma rigimar kayan tarihin da aka kwashe zuwa Turai.

Doki da mulki

A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, rundunar Gobir ce ke da tarin dawakai da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa mafi yawansu dakaru ne da maharba, dawakinsu ƙalilan. Duk da haka su suka yi nasara. Bayan Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, daular ta tara nata barade, doki ya zama abin da sarakuna ke kyauta da shi, ake kuma auna darajar mutum da shi. Haka aka tafi har ranar 15 ga Maris, 1903, lokacin da mahayan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka fuskanci bindigogin Turawan Ingila a Giginya.

Inda gwanintar ta koma

Hadisai sun yi hani mai ƙarfi a kan sassaƙa siffar abu mai rai, don haka mutum-mutumi bai samu gindin zama a daular ba. Gwanintar hannu sai ta koma kan kayan doki. Masassaƙa ke fafe sirdi daga itace. Maƙera, irin waɗanda unguwar Maƙera Assada ta yi suna da su, ke ƙera likkafa da linzami. Dukawa ke rufe sirdi da jar fata su ɗinka ragama, maɗinka kuma su ƙawata jalala da zare. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara da ayarin fatake har ta isa Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take biyowa. Dokin da aka yi wa cikakken ado ranar hawa aikin sana'o'i huɗu ne ko fiye.

Siffofin da ke ƙarƙashin ƙasa

Tun kafin zuwan Musulunci yankin yana da masu ƙera siffa. Akwai wasu siffofi na gasasshen yumɓu da masana ke kira salon Sakkwato, domin daga yankin tsohuwar Jihar Sakkwato suka fito, wadda ta haɗa da Kebbi da Zamfara na yanzu. Ana gane su da manyan kawuna da gira mai nauyi wadda ta rufo idanu, da yawa kuma suna da gemu. Gwajin da aka yi wa wasu ya nuna sun kai kimanin shekara 2,000, wato sa'o'in siffofin Nok ne. Akasarinsu masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba ne suka tono su suka sayar.

Sananniyar siffar doki mafi kusa da wannan yanki tana yamma, a Jamhuriyar Nijar. A 1975 aka gano maƙabartar Bura-Asinda-Sikka a yankin Tera, a 1983 kuma masanin tarihi Boubé Gado na Jami'ar Yamai ya jagoranci haƙa ta. An sami ɗaruruwan tuluna a kife a kan kaburbura, wasu da kawunan mutane na yumɓu a samansu. Cikin abin da aka tono har da gutsattsarin wani doki da mahayinsa, waɗanda aka harhaɗa suka zama abin da ake kira Mahayin Bura. Masana sun sa al'adar Bura tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Siffar shaida ce cewa tun wancan zamani doki alamar girma ne a kwarin Neja, har ana raka manya kabari da surarsa.

Shahara ce ta jawo wa Bura masifa. Bayan baje kolin kayan tarihin kwarin Neja da aka buɗe a Paris a 1993, farashin irin waɗannan kaya ya tashi a kasuwannin Turai, masu haƙa suka afka wa wuraren.

Gwanin da aka san sunansa

Masu ƙera siffofin Sakkwato da Bura sunayensu sun ɓace, haka ma wanda ya yi ƙaramin mahayin tagulla na Igbo-Ukwu, na wajen ƙarni na 9. Wanda tarihi ya riƙe sunansa shi ne Olowe na Ise, masassaƙin ƙasar Ekiti da aka haifa wajen 1873, ya rasu a 1938. Ya yi wa Arinjale na Ise da Ogoga na Ikere aiki, yana sassaƙa ƙofofi da ginshiƙan fada. A ginshiƙansa mahayi kan fi dokinsa girma nesa ba kusa ba, domin ikon mutumin ake son nunawa. Wata ƙofa da ya yi wa fadar Ikere an kai ta baje kolin Wembley a 1924, daga nan ta zauna a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan.

Rigimar Paris

A Afrilun 2000 gidan tarihin Louvre ya buɗe sabon sashe na kayan Afirka da wasu nahiyoyi, wanda Shugaba Jacques Chirac ya tsaya wa. Cikin kayan da Faransa ta saya don wannan shiri, daga wani dillali a Beljiyam, har da siffofin Nok biyu da ta Sakkwato ɗaya. A shekarar ce majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, inda ta ambaci Nok da Sakkwato da Katsina da Bura. Dokar Najeriya ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Masana irin su Colin Renfrew na Jami'ar Cambridge suka yi ca a kan Faransa.

A 2002 aka sasanta. Faransa ta amince cewa siffofin uku mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25 wanda ana iya sabuntawa. Bisa wannan lissafi, wa'adin farko zai cika a 2027.

Abin da ke kan faifai

Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021, Jamus kuma ta fara miƙa wa Najeriya tagullan Benin a 2022. Kayan yumɓun Arewa ba su samu irin wannan kulawa ba, wataƙila don jama'ar yankin ba sa kallon su a matsayin gadonsu. Amma ga masu bincike darajarsu tana cikin bayanin da suke ɗauke da shi. Siffar da aka tono da dare aka sa a buhu ta rabu da ƙasar da za ta nuna shekarunta da mutanen da suka yi ta, ko an dawo da ita wannan bayani ba ya dawowa.

Sakkwato na da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Zariya kuma na da sashen koyar da binciken kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello. Shawarar sabunta aron Paris ko karɓo kayan tana hannun Gwamnatin Tarayya, tsaron wuraren da ba a riga an tone ba kuwa yana buƙatar sa idon jihohi da sarakuna da mutanen ƙauyukan da suke kusa da su.