Karatun Waƙoƙin Masu Jihadi Cikin Hausarsu ta Asali

Sa'ad da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809, Larabci shi ne harshen ilmi da shari'a da wasiƙun sarauta. Amma galibin talakawan ƙasar Hausa kaɗai suke ji, saboda haka malaman gidan Shehu suka riƙi waƙa hanyar kai musu wa'azi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi kansa ya fi yin waƙa da Fillanci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) da ɗansa Isa su suka juya da dama daga cikinsu zuwa Hausa. Tabbat Haƙiƙa da Fillanci Shehu ya yi ta, Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ya yi mata tahamisi. Waƙar Gewaye kuwa Asma'u ta yi ta da Fillanci a 1839, Isa ya juya ta a 1865. Ashe ke nan abin da ɗalibi yake kira asali sau da yawa shi ma fassara ne, sai dai ta 'yan gida, waɗanda suka san ma'aunin waƙa ciki da bai.

Da ajami aka rubuta waƙoƙin, cikin Sakkwatanci, a kan ma'aunan arulin Larabawa, irin su Ɗawil da Kamil. Waɗannan ma'aunai nauyin gaɓa suke ƙidayawa, watau a bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kowacce a mazauninta. Ajami kuwa ya dace da wannan aiki, gama yana nuna dogon wasali da alif ko waw ko ya, yana kuma nuna shadda. Ba ya rasa nasa aibi: bai raba "o" da "u" ba, sau da yawa ma bai raba "b" da "ɓ" ba. Abin da takarda ta gaza, baki ne ya riƙe shi. Jajis ɗin da Asma'u ta naɗa sun haddace waƙoƙin, suka kai wa matan ƙauyuka da muryarsu.

Boko ya zo da wata ƙa'ida dabam. Hanns Vischer ya fitar da dokokin rubutunsa a 1912, Dr R. M. East ya ƙarfafa su a Zariya, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta baza su tun daga 1939, har aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Karin Kano aka ɗauka ya zama daidaitacce, aka kuma bar tsawon wasali ba alama. Ga labari da wasiƙa wannan bai yi ɓarna ba. Ga waƙa kuwa ya yi.

Mai kofe waƙa ya ga "sunka" sai ya gyara ta zama "suka", bai lura ba ya mai da gaɓa mai nauyi marar nauyi. Haka "yaz zo" in ta koma "ya zo". "Ɗiya" gaɓa biyu ce, "'ya" kuwa ɗaya. "Wanga" tana ƙarewa da marar nauyi, "wannan" da mai nauyi. In baiti ya ƙare da "na" ko "ta" aka mai da su "ne" ko "ce", amsa-amo ya tafi. Akwai gyaran da ba ya cutar da ma'auni, kamar "rigas sarki" ta zama "rigar sarki", amma irinsa kaɗan ne. Abin takaici shi ne ɗalibin da ya sami irin wannan kofe yakan ɗora laifin karayar a kan mawaƙi, alhali kuwa siffofin da aka ɗauka kuskure, kamar "munka" da "sunka", sun girmi na Kano a tarihin harshen.

Turawan Ingila sun taɓa faɗawa wannan rami. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi waƙa lokacin da ake furta wasalin "e" na ƙarshen kalma. Da furucin ya ɓace, sai baitocinsa suka zama kamar guragu, har mawaƙi Dryden ya hukunta a 1700 cewa ma'auninsa bai cika ba. Sai a 1775, da Tyrwhitt ya buga Canterbury Tales, ya nuna cewa gaɓar da ake nema tana nan a rubuce, masu karatu ne suka daina faɗarta. Tsakanin Chaucer da Dryden shekara 300 ne. Tsakanin rasuwar Asma'u da dokokin Vischer bai kai 50 ba, ga kuma Sakkwatawa har yanzu suna magana da karin da ta yi waƙa da shi.

Hanyar tsira tun da wuri aka gan ta. C. H. Robinson a 1896 ya buga hoton rubutun ajami tare da juyinsa na boko, ko da yake juyin nasa cike yake da tuntuɓe. Bello Sa'id ya tara waƙoƙin masu jihadi cikin kundinsa na 1978 a Jami'ar Bayero. A 1997, shekarar da Waziri Junaidu ya rasu, Jean Boyd da Beverly Mack suka buga ayyukan Asma'u, da yawansu daga taskar littattafan gidansa da ke Giɗaɗawa.